Jakar cefane daga tsofaffin tufafi: tambayoyi da amsoshi ga mutanenmu na Makka da Jidda

Tun da na fara nuna wa matan unguwarmu yadda ake mayar da tsohuwar riga jakar cefane, tambayoyi iri ɗaya ne ke ta dawowa, daga 'yan koyo, daga maƙwabta, har da mazan da ke aiko da tasu ta bakin matansu. Su na tattara a nan. Tufafinmu da kasuwanninmu da zafinmu na Makka da Jidda nake magana a kai, amma na Madina da na Riyad ma ba za su rasa abin ɗauka ba.

Hajiya, leda fa kyauta ake ba mu a baƙala, shagon unguwa. Me zai sa in wahalar da kaina da ɗinki?

Kyautar ce ma ta jawo. Ki aiki yaro ya sayo laban, wato nono, da biredi, sai ya dawo da leda biyu, wani lokaci mai shago ya ƙara ta uku don kada ta fashe. A halagar Ka'akiyya kuwa, wato babbar kasuwar kayan miya ta Makka, ba a magana: tumatir da tasa, albasa da tata, lemun tsami da tasa, ɗaurin ganyen kuzbara guda ma sai an saka masa. Shiga kicin ɗin kowane gida a unguwar Shara Mansur ta Makka ki buɗe durowar ƙarƙashin wurin wanke-wanke, leda ce cunkushe cikin leda har ƙofar ba ta rufuwa.

Wadda ba ta shiga durowa ba, iska ke ɗauka. Duk wanda ya bi hanyar Jidda zuwa Makka ya ga yadda take maƙale a ƙaya da waya. Raƙuma da awaki suna cinye ta saboda ƙanshin abincin da ya rage a jikinta, ita kuma ba ta narkewa a ciki. A Dubai likitocin dabbobi sun sha ciro dunƙulen leda da igiya daga cikin matattun raƙuma, wani ya haura kilo 50. Dabba ta ji cikinta cike, ta daina kiwo, yunwa ta kashe ta. Bangladesh ta haramta sirarar leda tun 2002 da aka gano ita ke toshe magudanai lokacin ambaliya, mutanen Jidda kuwa da suka ga ruwan Nuwamban 2009 sun san darajar magudanar ruwa ba sai an faɗa musu ba. Maƙwabta ma sun motsa: Abu Dabi ta hana ledar cefane a Yunin 2022, Dubai ta fara karɓar fils 25, wato rubu'in dirhami, kan kowace ɗaya a watan Yuli na shekarar.

Ni dai abin da ya fi kusa da ni yatsu ne. Wadda ke hawa bene hawa huɗu ba lif, da leda shida a hannu, hannayen sun murɗe sun zama zare suna yankar ta, ga ta ƙwai tana neman ɓallewa a matakala, ita ba sai an ba ta labarin raƙumi ba.

Ai an ce ledojin yanzu masu ruɓewa ne, har tambari gare su.

Tun 2017 hukumar ingancin kaya ta ƙasar nan, SASO, ta wajabta a riƙa yin ledar cefane da wani sinadari da ke sa ta dagargaje idan rana da iska sun doke ta. Amma dagargajewa daban, komawa ƙasa daban. Kin taɓa ɗauko tsohuwar leda daga saman kabad ta marmashe a hannunki? Ɓarɓashin nan haka yake zama cikin yashi, ido ne kawai ya daina ganinsa. Saboda haka ne Tarayyar Turai ta hana irin wannan roba gaba ɗaya daga 2021.

To me zai hana in sayi sabuwar jakar yadi in huta?

Ba laifi, in za ki riƙe ta shekaru. Sai dai sabuwar auduga ma da nata nauyin. Hukumar muhalli ta Ingila ta fitar da wani bincike a 2011 da ya nuna sai an yi amfani da jakar auduga sau 131 kafin ta biya hayaƙin da aka tayar wajen yin ta, idan aka gwada ta da leda guda. Ana kuma ƙiyasta cewa rigar auduga mai gajeren hannu ɗaya tana cin ruwa kusan lita 2,700 daga gona zuwa shago. Mu da muke shan ruwan teku da aka tace, wannan adadi ya kamata ya tsaya mana a rai. Rigar da ke ƙasan akwatinki ta riga ta ci ruwanta, ta gama. Zare kawai za ta ƙara ci.

Inna ta ce yanka tufafi almubazzaranci ne, gara a yi sadaka da su.

Inna ta yi gaskiya, kuma ita za ki fara bi. Duk rigar da wani zai iya sawa ya fita cikin mutane bai ji kunya ba, kada almakashi ya taɓa ta. Ga akwatunan ƙungiyoyin agaji a bakin masallatai, ga 'yan uwa a gida da ake aika wa ta hannun alhazai.

Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya kan abin da muke zubawa a akwatunan nan. Jallabiyar da wuyanta ya cinye, abayar da dutsen guga ya ƙona, zanen da ya fashe a mazauni, wandon yaro da ba gwiwa: wannan ba sadaka ba ce, shara ce kika ɗora wa wani ya zubar miki. Su ne kayan aikinmu.

Wane irin yadi ya fi dacewa?

A nan ne aikin yake gyaruwa ko ya ɓaci, tun kafin a zauna kan keke.

Ki fara gwada ƙyallen. Ɗaga shi ta fuskar haske, in kina hango taga ta cikinsa, ya mutu. Ki kama da hannu biyu ki ja da ƙarfi, ki danna babban yatsa a tsakiya. In ya yi ƙara ko ya buɗe, a yanka shi tsumman goge-goge. Labule ya fi kowa yaudara a wannan: ki gan shi da kauri, alhali ranar Makka ta gama cinye shi ta baya.

Shadda ba ta da na biyu. Bayan wanki da yawa ƙyallinta ke tafiya, saƙar tana nan daram, kuma babbar riga ɗaya ta ishi gida guda jakunkuna. Sai a kauce wa wurin aiki na wuya da aljihu, don allurar keke na karyewa a kansa.

Jallabiyar maza tana mutuwa ne a wuya, da bakin hannu, da bakin aljihun gefe. Daga ƙirji zuwa ƙasa lafiya lau take, kuma ta babban mutum tana ba da jaka biyu. Farar ta zafi sirara ce, sai a ninka ta biyu, ga saurin datti. Ta sanyi mai duhun launi ta fi, ita nake nema duk inda take.

Atamfa tana da kyau a ido, tana da sauƙin ɗinki. Ki guji tsakiyar zane inda ake zama, ki ɗauki gefe da gefe. In mai zuba ce, ki jiƙa ta ki gani tukuna, kada jaka ta jiƙe da raɓar kayan firij ta rina wa maigida farar jallabiya a hanya.

Abaya santsi gare ta, tana gudu a ƙarƙashin allura, bakinta kuma yana zarewa. Amfaninta ɗaya babba: tana naɗuwa ta zama 'yar mitsitsiya, ta shiga jakar hannu. A cire duwatsun adon kafin a fara.

Wandon jins na kayan nauyi ne, da hannun jaka. Tsohon gyale mai raga-raga da leshi kuwa, a yi musu zariya a baki su zama ƙananan jakunkunan albasa da dankali, iska na shiga, mai awo kuma yana ganin abin da ke ciki. Shimag na auduga, ƙyallen nan da mazan Larabawa ke yafawa a kai, ki ware shi don biredi. Tamis, faffaɗan biredin nan na tanderu, in ya shiga leda da zafinsa gumi yake yi, kafin yaro ya iso gida ya yi laushi ya daskare. A jakar auduga tururin fita yake yi, ya iso da ƙamas-ƙamas ɗinsa, ga ful, faten waken da ake ci da shi, na jira.

Kada a manta da buhun shinkafar basmati mai kilo 10, wanda ke zuwa da zif da mariƙi. Rabin aikin an riga an yi. Ki wanke, ki lulluɓe shi da atamfa, ki ƙarfafa mariƙin.

Haramin da maigida ya yi Umara da shi fa? Ya halatta a yanka?

Bayan an sauke ibada, harami yadi ne kamar kowane yadi: a sake yin wata Umarar da shi, a bayar, ko a yi wani amfanin. Wasu suna ajiye nasu don likkafani, wannan zaɓinsu ne, kada ki taɓa na mutum sai kin tambaye shi. A Hajjin 2024 alhazai sun haura miliyan 1.8, kowane namiji da ƙyalle biyu, kuma duk wanda ya ga Mina bayan an watse ya san nawa ake bari a nan. Shi ya sa a 'yan shekarun nan hukumomi suka fara tattara shi ana sake sarrafawa.

Ta fuskar ɗinki dai ba shi ne gwani ba. Irin na tawul ɗin nan yana zubar da gashi, yana shan ruwa ya yi nauyi, ga jinkirin bushewa. Inda yake da rana shi ne a shafi: ki saka shi tsakanin yadi biyu, sai jakar ta kare kwalabe daga karo da juna, ta kuma riƙe sanyin kaza da laban daga shago zuwa gida.

Ba ni da keke, ban ma iya ɗinki ba. Akwai hanya?

Akwai, da rigar yara ko ta samari mai gajeren hannu, irin mai miƙewa. Ki yanke hannuwan biyu daga cikin layin ɗinki. Ki faɗaɗa wuyan, gaba da baya, ki zurfafa shi ya zama bakin jaka. Kafaɗun sun zama mariƙi ke nan. Ki juya rigar, ki tsattsaga ƙasanta tsiri-tsiri, tsawon santimita 8, faɗin santimita 2, gaba da baya tare. Sai ki ɗaure kowane tsiri na gaba da abokinsa na baya, ƙulli biyu. Za ki ga ƙananan ƙofofi tsakanin ƙulli da ƙulli. Ki sake ɗaure tsirin wannan ƙulli da na maƙwabcinsa, su toshe. Ki juya, an gama. Irin wannan yadi ba ya zarewa, ba ya buƙatar kalmasa.

Iyakarta kayan miya da biredi. Ki saka mata gwangwanaye, kafin ki kai mota ta miƙe ta kai gwiwa.

Ga mai keke, mene ne awo, kuma ta ina ake farawa?

Ki yanka ƙyalle guda dogo, santimita 90 da 45, ki ninka shi biyu. Hikimar ita ce gindin jaka ya faɗa kan ninki, ba kan ɗinki ba, don gindi ne ke ɗaukar nauyi. In yadin bai kai ba sai kin haɗa biyu, to ki bi layin gindin sau biyu.

Gefuna ki yi musu ɗinki mai ɓoye baki. Fuskar yadi na waje, ki ɗinka rabin santimita daga baki. Ki juya jakar, ki goge layin da dutsen guga, ki sake ɗinkawa santimita ɗaya daga ninkin. Ɗanyen bakin ya shige ciki ke nan, ba zaren da zai riƙa fita yana maƙale wa ganye. Ga abaya da shadda wannan wajibi ne.

Don jakar ta zauna da gindinta, ki kama kowace kusurwa ta ƙasa daga ciki, ki baje ta ta zama mai kusurwa uku, ki ɗinka layi a gicciye mai tsawon santimita 10. Kwalin madara da kwalbar mai sai su tsaya cak ba su kwanta kan tumatir ba.

Baki kuma a kalmasa santimita 1, a sake kalmasa 3. Allura mai lamba 14 ta isa ga shadda da atamfa, jins sai 16. Zare ki sayi sabo mai ƙarfi na roba-roba. Tsohon zaren auduga da ya shekara a gwangwanin alawa yana tsinkewa, kuma shi ne kaɗai abin da za ki kashe wa kuɗi a aikin nan, kada ki yi masa rowa.

Tawa kullum a hannu take tsinkewa. Ina matsalar?

Kusan duk jakar da aka kawo mini gyara, a nan ta mutu. An ɗora hannu a bakin jaka an bi shi da layi ɗaya, nauyin kilo goma ya taru a kan ɗinki ɗan santimita biyu.

Ki yanka tsiri santimita 60 da 10, a bin tsawon yadi, ba a faɗinsa ba, don ta tsawon ba ya miƙewa. Ki ninka gefe da gefe su haɗu a tsakiya, ki sake ninkawa, ya zama ninki huɗu, ki ɗinke gefunan biyu. Ki cusa bakinsa ƙarƙashin kalmasar jaka kafin ki ɗinke ta, ki ɗago shi sama, sannan ki ɗinka masa murabba'i, ki gicciya layi biyu a ciki daga kusurwa zuwa kusurwa. Nauyi sai ya rabu.

Jakar halaga kuwa, wadda za ta ɗauki dankali da kankana, ba a tsayar da hannunta a baki. A yi doguwar ɗamara daga ƙafar jins, ta sauka ta gefe ɗaya, ta zagaya ƙarƙashin gindi, ta hau ta ɗaya gefen, layi biyu. Ɗamarar ce ke ɗaukar kaya, yadin rufi ne kawai. Faɗin hannu kada ya gaza santimita biyu da rabi, in ba haka ba kin koma gidan jiya na yankan yatsu.

Yaya zan san za ta ɗauki nauyi kafin ta kunyata ni a kasuwa?

Galan ɗin zamzam mai lita 5 nauyinsa kilo 5 ne da ɗan ɗori. Ki saka biyu, ki rataye jakar a ƙugiya mai ƙarfi ta kwana. Da safe ki duba gindin hannu. In ramukan allura sun fara buɗewa, ki ƙara ɗinki.

Nama da kifi fa? Ba za ta yi ƙarni ba?

Za ta yi, kuma ƙarnin ma shi ne ƙaramin abu. Ruwan ɗanyar kaza in ya shiga yadi, gobe kika zuba latas a ciki, kin kai cuta kan faranti. Kifin kasuwar Bangala ta Jidda da nama da kaza su shiga roba mai murfi, ko ki bar musu ledarsu, ba wanda ya ce a daina leda rana ɗaya. Ki ware musu jaka guda mai launi daban, ja misali, kowa a gidan ya san ta, kuma a wanke ta duk dawowa.

Sauran a wanke su duk mako ko biyu, da ruwa mai zafi in yadin zai jure, a shanya a rana su bushe ƙarau kafin a naɗe. Danshin Jidda ba ya yafe wa yadin da aka naɗe da laima, sai fumfuna. Kada kuma a bar mai datti a but ɗin mota da rani, lokacin da zafin Makka ke wuce digiri 45 a waje, balle cikin mota a rufe.

Akwai tufafin da bai kamata a yi jaka da su ba ko da yadinsu na da kyau?

Duk mai ɗauke da sunan Allah ko aya. Jaka a ƙasa ake ajiye ta, a tsallaka ta, a zuba mata albasa. Rigunan da yara ke sawa ranar bikin ƙasa, 23 ga Satumba, ki duba su da kyau, wasu na ɗauke da tuta, tutar Saudiyya kuma kalmar shahada ce a jikinta, ko rabin sanda ba a sauke ta. Kakin wurin aiki mai tambarin kamfani ko na hukuma shi ma ki cire tambarin tukuna.

Sai kayan mamaci. Tufafinsa na cikin gado, ko sun tsufa. Sai magada sun raba ko sun yafe kafin wani ya sa almakashi. Bayan haka, na ga 'ya'yan da suka raba babbar rigar mahaifinsu kowa ya samu jaka, suna saka kayan zuwa Harami a ciki.

Yaya, maigidana ya ce shi ba zai shiga kanti da jakar atamfa ba.

Kada ki ja da shi. Ki ɗinka masa tasa da jallabiyarsa ta sanyi, toka-toka ko ruwan ƙasa, ba fure ba ado, ki ajiye a kujerar gaba ta mota. Yawanci ba jakar yake ƙi ba, furen yake ƙi.

A wurin biya kuma sai an yi saurin magana, don hannun ma'aikacin ya saba, kafin ka ɗago kai ya buɗe leda uku. Ka ɗora jakarka a kan kanta tun kafin ya fara, ka ce masa ga inda zai zuba.

Na ɗinka har guda biyar, amma kullum sai na isa shago nake tunawa suna gida.

Da kin juye kaya, kada jakar ta shiga kicin ta zauna. Ki rataye ta a mariƙin ƙofar fita, ko kan ƙugiyar da kike rataye abaya. Ta yadin abaya mai naɗuwa kuma ta zauna a jakar hannu dindindin. Ki ɗinka mata ɗan aljihu a ciki da za ki riƙa cusa ta. Yaron aike a ba shi tasa ƙarama, daga rigarsa da ya fi so wadda ta matse shi. Wannan ba ya mantawa.

In na daina karɓar leda, da me zan zubar da shara?

Abin da ke durowarki yanzu zai kai ki watanni. Bayan haka ma leda ba za ta daina shigowa ba, ga ta nama, ga ta biredi, ga ta kayan da ake kawowa gida.

Zan iya mayar da shi sana'a?

Ki yi lissafi tukuna. Shagunan abu hamsa, na kayan riyal biyar-biyar, cike suke da jakunkuna masu arha, ba za ki yi gasa da su a farashi ba. Abin da kike da shi wanda ba su da shi, shadda da atamfa ne da ɗinkin da ba ya ɓallewa, da kuma karɓar kayan mutum ki mayar masa da su jaka, ya biya kuɗin aiki. Wannan na biyun ya fi tafiya a cikin unguwa. Ki faɗa wa mai saye gaskiya cewa daga tufafin da aka sa ne, an wanke an goge; wani ba ya so, haƙƙinsa ne ya sani.

Sannan ki kula da doka. Baƙo ba shi da damar buɗe sana'ar kansa ba tare da izini ba, baladiyya, wato hukumar gari, kuma tana kwashe kayan masu shimfiɗa a bakin titi, musamman lokacin Hajji da azumi. Ki binciki abin da takardunki suka ba ki dama kafin ki fitar da ko guda ɗaya kasuwa.

Guntayen da suka rage fa?

Manya su zama aljihun cikin jaka na waya da makulli. Dogaye a kitsa su uku-uku su zama zariya. Na auduga a ninka su da gutsuren harami a tsakiya, a ɗinke, a samu abin sauke tukunya. Na roba-roba dai kada su kusanci wuta, narkewa suke yi su manne a hannu.